Cin Haƙora Cikin Barci da Cije Muƙamuƙi da Rana: Yadda Za Ka Gane Shi, Ka Tsare Bakinka

Maiɗakina ce ta fara ankarar da ni. Wata safiya na dawo daga masallaci, ta ajiye mini koko, ta tsaya tana dubana, sannan ta ce, "Baban Ummi, anya lafiya kake kuwa? Jiya da tsakar dare na ɗauka ɓera ne yake gurgurar ƙafar gado, da na kasa kunne sai na ji ashe daga bakinka ƙarar take fitowa." Na ce ban san na yi ba, kuma gaskiya na faɗa, don mai cin haƙora a barci ba ya jin kansa. Na bar maganar a nan. Watanni suka shuɗe ina tashi da ciwon kai a gefen goshi, kunnena na dama yana yi mini zafi, na ɗiga maganin kunne har kwalba 2 daga wani kemis ba tare da na ji sauƙi ba. Ranar da abin ya fito fili ina cin aya ne da yamma, sai na ji ƙas a turmin haƙorina na ƙasa, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo mini a kan harshe. Da likitan haƙori ya ba ni madubi ya nuna mini fiƙoƙina, sai na ga tsininsu ya tafi, sun zama sumul kamar an bi su da magagari. Ya ce, "Malam, wannan aikin shekaru ne. Kunnenka lafiya lau yake, muƙamuƙinka ne ya gaji."

Na rubuta wannan jagora don kada wani ya jira har haƙori ya ɓalle kamar yadda na jira.

Abin da ya kamata ka fara sani

A bakin da yake lafiya, haƙoran sama da na ƙasa ba sa zama a haɗe. Suna taɓa juna ne lokacin tauna da lokacin haɗiya, kuma idan aka tara wannan taɓawar duka a cikin awa 24, kusan minti 20 ne kacal. Sauran lokacin leɓe yana rufe, harshe yana kwance a ganɗa, tsakanin haƙora kuma akwai ɗan fili na milimita 2 zuwa 4. Da yawanmu ba mu taɓa jin wannan ba. Ni kaina na ɗauka rufe baki yana nufin haɗe haƙora. Duk matsalar da muke magana a kai daga nan take: haƙoran da aka halitta don aikin mintuna sai aka ɗora musu aikin sa'o'i, kuma babu abinci a tsakani da zai rage musu gogayya.

Likitoci suna kiran abin buruksizim, kalmar da aka samo daga Girkanci, kuma sun raba shi gida 2. Akwai na barci, wanda galibi gurzawa ce mai ƙara. Akwai na ido biyu, wanda yawanci cijewa ce shiru, ba ƙara, ba motsi. A 2018 masana daga ƙasashe daban-daban sun yi matsaya cewa a ɗauki waɗannan biyun a matsayin abubuwa mabambanta, kuma ga mai lafiya a kalle su a matsayin ɗabi'ar tsokar tauna wadda takan zama illa idan ta yi yawa. Wannan rabon yana da amfani a aikace, domin na rana kana iya horar da kanka ka daina, na dare kuwa ba a hannunka yake ba, sai dai a rage abin da ke tunzura shi, a kuma sa wa haƙoran kariya. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin manya 10 yana cin haƙora a barci, masu cijewa da rana kuma sun fi haka yawa.

Mataki na farko: tabbatar da cewa shi ne

Fara da tambayar wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, mata ko miji ko ɗan'uwa. Idan kai kaɗai kake kwana, ajiye waya kusa da matashi ka kunna ɗaukar murya na dare 2 ko 3. Ƙarar ba ta ɓoyuwa, ƙiƙir-ƙiƙir ce kamar ana goga dutse a kan dutse. Sai dai rashin jin ƙara bai wanke ka ba, tunda mai cijewa shiru ba abin da waya za ta ɗauka.

Daga nan sai madubi. Wanke hannu, tsaya inda haske yake sosai, ka bi bakin a tsanake. Dubi fiƙa tukuna, domin ita ce ta fi saurin tona asiri: fiƙar lafiya tana da tsini, ta mai cin haƙora kuwa a shafe take. Sai haƙoran gaba, ka ga ko sun gajarce, ko bakinsu ya zama layi ɗaya kamar an yanke da wuƙa, ko sun fara ɓarɓashi. Zura muƙamuƙin ƙasa gefe a hankali har fiƙar sama da ta ƙasa su haɗu. Idan ka ga wuraren da suka cinye sun dace da juna daf, kamar murfi da tukunya, to haƙori ne ya ci haƙori. A kan turame nemi wurare masu sheƙi ko 'yan ramuka masu ruwan ɗorawa. Wannan launin yana nufin farin ɓawon haƙori ya ƙare a wurin, sashen ciki ya bayyana. Farin ɓawon nan shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan'adam, amma kaurinsa bai wuce milimita 2 da rabi ba a inda ya fi kauri, kuma in ya tafi ba ya sake tsirowa.

Fito da harshe ka dubi gefensa. Idan yana da shatar haƙora kamar bakin zarto, alama ce ta danna shi da ake yi. Cikin kunci ma akan ga wani farin layi a daidai inda haƙora suke haɗuwa.

Yanzu ɗora yatsu a kusurwar muƙamuƙi, ƙasan kunne kaɗan, ka cije. Tsokar da ta kumburo a ƙarƙashin yatsunka ita ce babbar tsokar tauna. Saki, ka danna ta. In ka ji zafi ko wani kulli mai tauri, ta wahala. Yi haka a gefen kai, saman kunne zuwa gefen goshi, inda tsoka ta biyu take shimfiɗe kamar mafici. Wannan ce take kawo ciwon kan safe da mutane suke ɗorawa a kan zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini. Sannan sa yatsa a gaban kunne ka buɗe baki ka rufe. Nan ne mahaɗar muƙamuƙi, kuma kusancinta da kunne ne yake sa a yi ta ɗiga magani a kunnen da ba shi da laifi. Gwada kuma ko yatsunka 3 a jere za su shiga tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Baki mai lafiya yakan buɗe milimita 40 ko fiye, wato kusan faɗin yatsu 3.

Lura da lokacin ciwon. In da asuba ya fi tsanani, ya yi sauƙi zuwa hantsi, na barci ne. In kana tashi garau sai yamma muƙamuƙi ya yi nauyi, da rana kake cijewa. Wasu suna da duka biyun. Kafin ka bar gaban madubin ɗauki hoton haƙoranka da waya, gaba da gefe da gefe, ka adana.

Mataki na biyu: ware abin da ba ya jira

Akwai halin da ya yi kama da wannan amma na gaggawa ne, kuma ina roƙon a riƙe shi da kyau. Idan muƙamuƙi ya ƙage, baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, musamman kwanaki bayan taka ƙusa ko jin wani rauni, ko ga jariri sabon haihuwa da ya daina kama nono, a yi tunanin cutar sarƙe-haƙora, a garzaya asibiti a ranar. Idan yaro mai zazzaɓi ya datse haƙora yana jijjiga, ko mai juna biyu ta kama taune-taune, a kwantar da su a gefe ɗaya a nufi asibiti, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, domin yin hakan yana karya haƙora yana kuma toshe numfashi. Kumburin fuska da zazzaɓi da wahalar haɗiya alamar ruɓar haƙori ce da ta yi mugunya tana bazuwa. Ciwon muƙamuƙi kuma da yake zuwa tare da nauyin ƙirji, gumi da haki, musamman bayan tafiya ko hawa bene, yana iya zama daga zuciya. Waɗannan ba a yi musu gashi da tawul a gida.

Mataki na uku: horar da bakin da rana

Wannan shi ne matakin da ba ya cin ko sisi, kuma a ganina shi ya fi kowanne tasiri ga mai cijewar rana, sai dai yana son naci. Ka'idar gajeriya ce: leɓe a haɗe, haƙora a rabe, harshe a ganɗa. Don ka sami wurin, furta harafin "n" ka tsaya a kansa. Inda kan harshenka ya sauka, bayan haƙoran gaba na sama, nan ne mazauninsa. Rufe leɓe a hankali, ka bar muƙamuƙin ƙasa ya sake, ka ja numfashi ta hanci.

Wahalar ita ce tunawa, tunda cijewar tana zuwa ne lokacin da hankali ya tafi wani wuri. A sati na farko kada ka yi ƙoƙarin gyara komai, ka dai kama kanka. Ni na gano ina cijewa a cunkoson ababen hawa, da lokacin da nake duba lissafin kuɗi a waya, da kuma in ana magana da ni a kan abin da ban so ba amma na zaɓi in yi shiru. Tela yakan yi a kan keken ɗinki, ɗan acaɓa a kan hanya mai ramuka, ɗalibi a daren jarrabawa, uwa tana goye da yaro tana ɗaga bokitin ruwa. Kowa da inda yake dantsewa.

In ka san wurarenka, ɗaura tunatarwar a kan abin da kake yi kullum. Wanda yake salla yana da tasha 5 a rana da ba sa wucewa: duk lokacin da ka zo kurkure baki a alwala, tambayi kanka a wane hali ka tarar da haƙoran, a haɗe ko a rabe, sannan ka sassauta. Ƙara da duk lokacin da ka ɗauki waya. Wasu suna liƙa ɗan tef mai launi a sitiyari ko a jikin keken ɗinki. Da farko za ka tarar da su a haɗe kusan kowane dubawa, kada wannan ya karya maka gwiwa. Ni sai da na yi sama da wata ɗaya kafin na fara tarar da su a rabe ba tare da na sa kaina ba.

A daidai wannan lokacin a daina abubuwan da suke ƙara wa tsokar aiki: cingam, cizon farce, tauna murfin biro, tallafe haɓa da hannu, maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Asuwaki yana da kyau ga tsabtar baki, amma a yi amfani da shi a ajiye. Barinsa a baki ana taunawa tun safe har azahar nauyi ne a kan muƙamuƙin da ya riga ya gaji. Buɗe kwalbar lemo da haƙori kuwa, ko yanke zare, ko fasa ƙashi don a kai ga ɓargo, a bar su gaba ɗaya. Haƙorin da ya sha gurza yana ɗauke da ƙananan tsagu da ido ba ya gani, cizo ɗaya ya isa ya raba shi.

Mataki na huɗu: hutar da tsoka in tana ciwo

Idan muƙamuƙi yana zafi, ba shi hutu na sati 1 zuwa 2 kamar yadda za ka hutar da ƙafar da ta gurɗe. Koma kan abinci mai laushi: kunu, koko, fura da nono, tuwo da miyar kuɓewa ko kuka, faten dankali, alale, ƙwai, kifi, ayaba. A ɗan dakata da kilishi, ganda, rake, aya, goriba, ƙanzo, busasshen dabino da tauna ƙanƙara. Nama a yanka shi ƙanana, a tauna ta ɓangarorin biyu. In hamma ta zo, tokare haɓa da hannu kada bakin ya wage har ƙarshe.

Jiƙa tawul a ruwan ɗumi, wanda bayan hannunka zai jure, ka matse, ka ɗora a kunci da gaban kunne na minti 10 zuwa 15, safe da dare. Bayan gashin, murza tsokar kunci da ta gefen kai da kan yatsu, kana zagayawa a hankali, minti 1 ko 2 kowane ɓangare. Sannan ɗora harshe a ganɗa, ka buɗe baki sannu a hankali iya inda harshen bai rabu da ganɗar ba, ka rufe, ka maimaita sau 5 ko 6 a gaban madubi kana lura kada haɓar ta karkace. Duk motsin da ya ƙara zafi a bar shi.

Farasitamol yana taimakawa. Ibuprofen ma yana yi na 'yan kwanaki, a sha bayan cin abinci, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai asma su tambayi likita tukuna. Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne ƙwayoyin barci da masu kashe ciwo masu ƙarfi da ake saya a ɓoye. Suna kama mutum, kuma ba sa hana haƙori cinyewa.

Mataki na biyar: gyara abin da ke tunzura na dare

Cin haƙoran barci daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Mafi yawansa yana faruwa a barci mara nauyi, daidai lokacin da mutum yake wani ɗan farkawa na daƙiƙu kaɗan da ba ya tunawa: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya sauya, sai tsokar tauna ta motsa. Saboda haka duk abin da yake hana barci nutsuwa yana ƙara shi.

A nan dole mu taɓo goro. Goro yana ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda yake cikin kofi da ganyen shayi, kuma jiki yakan ɗauki kusan awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Wanda ya ci goro bayan isha, ko ya zauna majalisar shayi har zagaye na uku, ko ya sha Nescafe da lemon ƙara kuzari don ya yi aikin dare, zai kwanta da sinadarin yana yawo a jininsa. Ban ce a rabu da goro ba, na san matsayinsa a wurinmu, amma a mayar da shi na safe da hantsi, daga la'asar a tsaya. Ga goro kuma ƙarin nauyi na tauna. Taba ta fi shi muni, sigari ce ko shisha ko ta gari, domin masu shanta sun fi cin haƙora a barci. Giya ma haka, da ƙwayoyin hana barci da na maye.

Wasu magungunan asibiti suna jawo shi, musamman na ciwon damuwa irin su fluoxetine, sertraline da paroxetine. In abin ya fara ne makonni kaɗan bayan an ɗora ka a kan sabon magani, koma wurin likitan da ya rubuta ka gaya masa. Kada ka yanke shan maganin da kanka, domin dainawa kwatsam tana da nata haɗarin.

Tambayi abokin kwananka tambaya ta biyu game da barcinka: kana minshari mai ƙarfi? Numfashinka yana ɗaukewa, sai ka zabura da shaƙewa? Kana gyangyaɗi da rana ko da ka kwanta da wuri? Ɗaukewar numfashi cikin barci tana tafiya tare da cin haƙora a wurin mutane da dama, kuma tana da alaƙa da hawan jini. Wannan sai likita, kuma lallai likitan haƙori ya sani kafin ya yi maka makari, wato robar da ake sawa a baki da dare don kare haƙora. Mai ƙwannafi shi ma ya nemi magani, ya ci abincin dare awa 2 ko 3 kafin kwanciya, domin ruwan tsamin da yake tasowa daga ciki yana laushe ɓawon haƙori, gurzar dare kuma ta zo ta kwashe shi cikin sauƙi.

Sai damuwa. Mu mutane ne da aka raina a kan haƙuri da haɗiye magana, har muna cewa mutum ya cije ya daure. Na yarda da darajar haƙuri, amma na lura da cewa abin da baki ya ƙi faɗa da rana muƙamuƙi yana ɗauke da shi zuwa shimfiɗa. Lokacin da nawa ya fi tsanani, bashi ne a kaina da ban gaya wa kowa ba. Ranar da na zauna na faɗa wa yayana, muka tsara yadda za a biya, maiɗakina ta ce ƙarar ta ragu, ko da yake ba ta ɗauke ba. Nemi wanda za ka faɗa wa abin da ke cinka. Ajiye waya minti 30 kafin barci, ka yi gashin muƙamuƙi, ka yi addu'o'in kwanciya a natse, ka riƙe lokacin kwanciya ɗaya. Tafiyar ƙafa da yamma tana taimakawa. In fargaba ko baƙin ciki sun hana ka sukuni makonni, ganin likitan ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne.

Mataki na shida: zuwa wurin likitan haƙori

Kada ka jira ciwo. Da ka ga fiƙa ta shafe, ko ruwan sanyi ya fara tsira maka, ko ciko ya faɗi ba dalili, lokaci ya yi. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, suna da sashen haƙori da muƙamuƙi, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama. A Najeriya cikakken likitan haƙori yana da rajista da hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa. Ka guji mai cire haƙori na bakin kasuwa. Tafi da hotunan da ka ɗauka, da sunayen magungunan da kake sha, da abin da abokin kwananka ya gaya maka.

Likita zai duba haƙoran da dasashi, ya taɓa tsokoki da mahaɗa, wataƙila ya ɗauki hoto. Abin da aka fi bayarwa shi ne makarin haƙora na dare. Za a cika wani ɗan faranti da abu mai laushi kamar ƙullu, a danna a haƙoranka na minti 1 ko 2 har ya daskare, a fitar da siffar bakinka, a ƙera makari da roba mai tauri, mai kaurin kusan milimita 2, wanda zai rufe dukkan haƙoran sama ko na ƙasa. Ranar karɓa likita zai sa ka cije a kan wata takarda mai launi, ya riƙa gogewa har duk haƙoran su sauka a kansa daidai. Wannan daidaitawar ita ce rabin aikin, kada ka yarda a miƙo maka shi a leda ka tafi.

Ka sani tun yanzu: makari ba ya hana cin haƙora. Aikinsa ya karɓi gurzar a madadin haƙoran, ya raba nauyin, a wurin wasu kuma ya sassauta ciwon safe. Nawa, bayan wata 6, ya yi shata mai zurfi a daidai fiƙa. Da na gani na san abin da ya ci wannan robar da haƙorina zai ci.

Akwai na kanti, wanda ake jefawa a ruwan zafi a cije. Yana iya riƙe ka na ɗan lokaci kafin ka samu na asibiti, amma laushinsa yana sa wasu su ƙara tauna, kuma wanda bai rufe haƙora duka ba yana iya sa su gushe daga mazauninsu in aka daɗe da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daren farko za ka ji yawu ya yi yawa, bakin ya cika. Cikin sati 1 ko 2 akan saba. Goge baki kafin ka sa shi. Da safe wanke shi da ruwan sanyi da buroshi da ɗan sabulu, kada ruwan zafi ya taɓa shi don zai lanƙwashe, ka bar shi ya bushe a cikin akwatinsa, nesa da rana da hannun yara. In haƙori ɗaya yana zafi, ko cizonka ya sauya bai koma daidai ba bayan ɗan lokaci da cirewa, koma a gyara.

Haƙoran da suka riga suka lalace ana iya yi musu ciko ko a sa musu hula, wato murfin da ake ƙerawa ya rufe haƙori, amma sai an tanadi makari, in ba haka ba gyaran ma zai fashe, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ga wanda abin ya yi tsanani ana yin allurar Botox a tsokar kunci don rage mata ƙarfi, tasirinta wata 3 zuwa 4 ne, kuma aikin ƙwararre ne. In wani ya ce zai goge maka lafiyayyun haƙora don cizo ya daidaita a daina gurza, nemi ra'ayin likita na biyu, domin abin da aka goge ya tafi ke nan.

Don tsirawar sanyi, yi amfani da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da yake ƙarfafa ɓawon haƙori, sau 2 a rana, ka tofar kada ka kurkure. Bayan shan zoɓo, tsamiya, lemon tsami ko lemon kwalba, kurkure da ruwa ka jira aƙalla minti 30 kafin ka goge.

Idan yaro ne

Iyaye mata sun fi kowa jin wannan ƙarar, kuma maganar da aka saba ji ita ce tsutsar ciki ce. Da 'yata ta fara tana shekara 4, Inna ta ce, "Ɗan nan, a ba ta maganin tsutsa, haka kai ma ka yi." Ba da maganin tsutsa a kan kari abu ne mai kyau ga yaranmu, amma ba a tabbatar da cewa tsutsa ce take sa cin haƙora ba, don haka kada a yi ta ɗirka wa yaro magani saboda ƙara kawai. Yara sun fi manya yin sa, musamman lokacin fitowar haƙoran nono da lokacin famfara, daga shekara 6 zuwa 12, kuma mafi yawansu suna dainawa da kansu. Galibi ba a yi musu makari tunda muƙamuƙinsu yana kan girma.

Abin lura shi ne numfashi. Yaron da yake barci baki buɗe, yana minshari, yana juye-juye, hancinsa kullum a toshe, a kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a duba ko wani nama ne ya kumbura a hanyar iska. Cire beli a wurin wanzami ba ya magance wannan, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta. A duba kuma ko akwai abin da ke damun yaron, sabuwar makaranta, duka, ko zuwan ƙani. A kai shi wurin likitan haƙori in yana kukan ciwon kai ko muƙamuƙi da safe, ko in haƙoran dindindin sun fara cinyewa.

Bibiya

Bayan wata 3 sake ɗaukar hoton haƙoranka a irin hasken da ka ɗauki na farko, ka gwada su. Sake gwajin yatsu 3, ka danna tsokar kunci ka ji ko zafin ya ragu, ka tambayi abokin kwana. Abin yakan lafa ya dawo, musamman lokacin matsi, don haka in ciwon safe ya sake ɓullowa, koma kan gashi da abinci mai laushi, ka duba me ya sauya a barcinka ko a cikin gida. Duk wata 6 je a duba bakin, kuma ka tafi da makarin a aljihu, domin shatar da ke jikinsa ita ce za ta nuna wa likita inda nauyin yake sauka, da kuma ko lokacin ƙera sabo ya yi.